QTS Kaɗai ko QTS da PGCE? Zaɓin da ke Gaban Mai Son Horon Malanta a Ingila

Duk wanda ya shiga shafin gwamnatin Ingila na neman gurbin horon malanta zai lura da ɗan rubutun da ke ƙarƙashin sunan kowane kwas. Wani an rubuta masa QTS kawai, wani kuma QTS da PGCE. Sau da yawa cibiya ɗaya ce ke bayar da duka biyun, a makarantu iri ɗaya, cikin shekarar karatu ɗaya daga Satumba zuwa Yuni ko Yuli. To mene ne bambancin? Kuma ya kai a sha wahalar ƙarin? 'Yan'uwanmu da ke zaune a can, da masu shirin tashi daga Kano ko Kumasi, a nan suke cijewa, wasu kuma sai su danna wanda ya fi sauƙin kuɗi ba tare da sun san abin da suka bari ba.

QTS izini ne. Matsayi ne na cewa gwamnati ta yarda kai ƙwararren malami ne, kuma hukumar TRA da ke ƙarƙashin ma'aikatar ilimi ce ke bayar da shi bayan cibiyar da ta horar da kai ta shaida cewa ka cika ƙa'idojin malanta da ake aiki da su tun 2012. PGCE kuwa takardar karatu ce ta gaba da digirin farko, jami'a ce ke bayar da ita, kuma galibi tana ɗauke da kiredit 60 a matakin mastas. Wanda ya san tsarin Najeriya zai gane da sauri: QTS ta yi kama da rajista da lasisin TRCN, hukumar rajistar malamai ta Najeriya, PGCE kuma ta yi kama da PGDE. Sai dai a gida ba ka isa ka samu lasisin ba sai ka nuna takardar karatun ilimi, NCE ce ko B.Ed ko PGDE. A Ingila an raba su. Kana iya samun izinin ba tare da takardar jami'ar ba, kana kuma iya samun takardar ba tare da izinin ba, wanda shi ne ramin da zan yi magana a kansa can gaba.

Horon aji bai bambanta ba ko kaɗan. Mai QTS kaɗai da mai haɗawa da PGCE duk dole su yi aƙalla kwana 120 a makaranta, a makarantu biyu ko fiye. Duk suna da gogaggen malami mai yi musu jagora, wanda zai zauna a bayan aji da takarda yana rubuta abin da ya gani, sannan su zauna kowane mako a warware darasin zare da abawa. Tun Satumba 2024 an ƙara wa kowa kwana 20 na horo mai zurfi a kan fannoni ƙalilan, kamar yadda ake yi wa yara tambaya ko yadda ake riƙe aji. Sharuɗɗan shiga ma ɗaya ne: digiri, da sakamakon da ya yi daidai da maki 4 na GCSE, jarrabawar sakandare ta Ingila, a Turanci da lissafi, a ƙara da kimiyya ga mai son firamare. Bayan an gama, kowa zai yi shekara biyu ta sabon malami, tsarin da aka fara a 2021, inda ake rage masa kashi 10 cikin ɗari na darussa a shekarar farko, kashi 5 a ta biyu.

Albashi ma haka. Sabon malami mai QTS a wajen Landan ya fara da fam 32,916 a shekara daga Satumba 2025, kuma ko kwabo ba a ƙara wa mai PGCE. Shugaban makarantar da ke neman malamin lissafi ido rufe ba zai tsaya yana tambayar ka rubuce-rubucen jami'a ba. Zai sa ka koyar da darasi ɗaya a gabansa, ya ga yadda 'yan shekara goma sha huɗu suka karɓe ka, shi ke nan. Saboda haka duk wanda ya ce maka ba a samun aiki a Ingila sai da PGCE, ya faɗi abin da bai sani ba.

To ina ƙarin yake? Yana cikin karatu da rubutu. Mai PGCE zai rubuta manyan maƙaloli biyu ko uku a shekarar, kowace tana kaiwa kalmomi dubu huɗu zuwa shida, gwargwadon tsarin jami'ar. Ba irin rubutun haddar nan ba ne na "kawo ma'anar manhaja a cewar masana". Za a ce ka ɗauki matsala guda daga ajinka, misali yara uku da kullum suke kasa gane rabon lamba, ka karanta abin da masu bincike suka rubuta a kai, ka gwada wata dabara tsawon makonni, ka tara littattafan yaran a matsayin hujja, ka nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike kafin ka taɓa aikin ko da yaro ɗaya, sannan ka rubuta abin da ya faru har da inda dabarar ta ci tura. Piaget da Vygotsky, masanan yadda yara ke koyo da aka sha haddacewa a kwalejojin ilimi suna nan, amma a nan ana so ka yi gardama da su, ka ce ga inda maganarsu ta dace da ajinka, ga inda ba ta dace ba. Makin cin jarrabawa a matakin mastas yawanci 50 ne. A wasu jami'o'in, wanda ya gaza kaiwa nan amma bai faɗi warwas ba, sai a ba shi wata takardar mai harufa iri ɗaya, PGCE, amma a matakin digirin farko, ba ta da kiredit ɗin mastas. Ya kamata mutum ya duba wannan tun kafin ya biya kuɗi, domin akwai kwasa-kwasan da tun asali a wannan matakin suke.

Nauyin ba a yawan kalmomin yake ba, a lokacin da suke faɗowa yake. Ka ɗauki watan Fabrairu. An mayar da kai makaranta ta biyu, ba ka gama sanin sunayen yara ba, an ƙara maka yawan darussa. Ka fita da duhu, ka dawo da duhu. Ƙarfe bakwai na dare kana da darussa huɗu na gobe da ba ka tsara ba, ga tulin littattafai talatin na jiran jan biro, jagoranka zai shigo kallon darasi na biyu, ga kuma saƙon jami'a cewa ranar Litinin ƙarfe goma sha biyu na rana za a rufe karɓar maƙala. A 'yan shekarun nan azumi ma a wannan tsakanin yake faɗowa, Fabrairu zuwa Maris. Hutun tsakiyar zango da abokinka mai QTS kaɗai zai yi barci ya kai yara wurin wasa, kai a laburare za ka yi shi. Mai iyali, musamman uwa mai ƙananan yara da ba ta da kaka ko ƙanwa a kusa da za ta riƙe mata su, ta san cewa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Masu cewa taura biyu ba ta taunuwa suna da hujja a nan, kuma ban ga laifin wanda ya auna ƙarfinsa ya ajiye ɗaya ba.

Amma duk da haka, in aka tambaye ni, ga yawancin mutanenmu zan ce a haɗa da PGCE. Dalilina ba wai tana sa mutum ya fi iya koyarwa ba ne. Akwai malamai masu QTS kaɗai da suka fi masu mastas riƙe aji nesa ba kusa ba. Dalilin shi ne QTS 'yar gida ce, ƙarfinta a Ingila yake, mu kuwa kaɗan ne daga cikinmu suke tafiya da niyyar a binne su a can.

Ka duba abin da ke faruwa idan ka tashi barin ƙasar. Hukumomin rajistar malamai a wasu ƙasashe ba sa tambayar ko gwamnatin Ingila ta yarda da kai. Abin da suke cewa shi ne: kawo takardar jami'a, kawo tiranskirif mai nuna darussan da ka ɗauka da kiredit ɗinsu da yawan kwanakin da ka yi kana koyarwa ƙarƙashin kulawa. Mai PGCE zai rubuta wa jami'arsa a aiko. Mai QTS kaɗai abin da ke hannunsa shaidar gwamnati ce da lambar malami, babu jerin darussa, babu kiredit. Ba sai an je nesa ba: Sikotland, da ke cikin Birtaniya ɗaya da Ingila, tana da hukumarta ta GTCS, kuma tana neman takardar koyarwa ta matakin jami'a kafin ta yi wa mutum rajista. Ostireliya tana neman shekara huɗu ta karatun gaba da sakandare, a ciki har da aƙalla shekara ɗaya ta horon malanta a matakin jami'a, da kwana 45 na koyarwa ƙarƙashin kulawa. Makarantun da ke bin manhajar Birtaniya a Dubai da Doha, inda malamai da yawa ke hanƙoron zuwa saboda albashin da ba a cire masa haraji da kuma kusanci da Makka, tallan aikinsu ya saba ambaton PGCE ko B.Ed da suna, kuma a can ana son takardar da za a iya buga wa hatimin tantancewa.

Dawowa gida ma haka lissafin yake. Rukunan TRCN guda huɗu a kan takardun makaranta aka gina su: D na masu NCE, C na masu digirin ilimi ko wani digirin haɗe da PGDE, B na masu digiri na biyu, A na masu digiri na uku. Ka riƙe takardar da ke cewa wata jami'a ta ba ka shaidar gaba da digiri a fannin ilimi, jami'in da ke duba fayil ɗinka ya san inda zai ajiye ta. Ka miƙa masa wasiƙar da ke cewa kana da "matsayi", sai ka yi dogon bayani, kuma duk wanda ya taɓa bin fayil a ofis ya san yadda dogon bayani yake ƙarewa.

Ga wanda zai taso daga Najeriya ko Gana takanas don horon, sau da yawa biza ce ke yanke hukunci tun kafin ya yi nasa. Kwasa-kwasan QTS kaɗai sun fi yawa a cibiyoyin da gungun makarantu ke gudanarwa, waɗanda ake kira SCITT, da kuma hanyoyin da ake biyan mutum albashi yana koyo. Da yawa daga cikin waɗannan ba su da lasisin ɗaukar nauyin bizar ɗalibi. Jami'o'i ne ke da shi, su kuma kusan duk kwasa-kwasansu da PGCE suke tafe. Sannan PGCE tana cikin jerin takardun da aka ambata da suna a dokar bizar zama bayan kammala karatu, wadda ke ba mutum shekara biyu ya nemi aiki, ko da yake gwamnati ta sanar da rage ta zuwa wata 18 daga farkon 2027. Wani abin da magidanta za su sa a lissafi: tun Janairu 2024 ɗalibin da ya zo irin wannan kwas ba ya iya tahowa da mata da yara a kan bizarsa.

Batun mastas kuma ana yawan kambama shi, don haka a yi masa adalci. Cikakken digiri na biyu a Ingila kiredit 180 ne. Kiredit 60 na PGCE sulusi ke nan, kuma jami'o'i da yawa suna yarda a shigo da su cikin mastas na fannin ilimi, a rage wa mutum lokaci da kuɗi. Sai dai akwai sharuɗɗan da ba a cika faɗa ba a ranar talla. Yawancin jami'o'i suna sa wa kiredit ɗin wa'adi, galibi shekara biyar, bayan nan sun tsufa. Shekara biyun farko kuwa sabon malami da ƙyar yake samun lokacin aski, balle mastas. Ba dole ba ne wata jami'ar ta karɓi kiredit ɗin wata. A mastas na ilimi kaɗai suke aiki, ba za su rage maka komai ba in mastas na kimiyyar sinadarai kake so. Ga mazauna ƙasar kuma, bashin gwamnati na karatun mastas an tsara shi ne don cikakken kwas, wanda ya shigo da kiredit yana iya rasa shi. In har kana da niyyar zama shugaban sashe, ko koyarwa a kwalejin ilimi, ko bin hanyar digiri na uku, sulusin nan riba ce ta gaske. In ba ka da wannan niyyar, kada ka sa shi a ma'auni.

Kuɗi fa? Ga ɗan ƙasa ko mai takardar zama ta dindindin da ya cika sharuɗɗa, iyakar kuɗin makaranta a shekarar 2025 zuwa 2026 fam 9,535 ne, bayan ya daɗe a 9,250, kuma ana samun bashin gwamnati a kai. Wasu cibiyoyin suna rage wani abu ga mai QTS kaɗai, tunda ba za su biya jami'ar da suke haɗin gwiwa da ita ba, wasu kuma kuɗin ɗaya ne ko ka ɗauka ko ka bari. Inda kuɗin ɗaya ne, barin PGCE sai da dalili mai ƙarfi. Baƙo daga waje yana biyan fiye da haka sosai, kuma babu bashi. Tallafin da gwamnati ke bai wa masu koyon darussan da ake ƙarancin malamansu bai danganta da PGCE ba, da darasin ya danganta: a shekarar 2025 zuwa 2026 fam 29,000 ne ga fiziks da lissafi da kemistiri da kwamfuta, kuma fiziks da harsuna ne kawai aka buɗe wa waɗanda ba 'yan ƙasa ba. Adadin yana canjawa duk shekara, a duba na shekarar da za a shiga.

Yanzu ga ramin. Akwai PGCE da ba ta tare da QTS, kuma ita ce aka fi tallata wa malamai a ƙasashenmu domin ana yin ta ta intanet daga gida. Sanannen misali shi ne PGCEi ta Jami'ar Nottingham, wadda jami'ar da kanta ta bayyana cewa ba ta bayar da QTS. Karatu ne mai kyau, kuma makarantu masu zaman kansu a Abuja da Legas da Akara suna daraja shi. Amma wanda ya sayar da fili ya yi ta da tunanin ya samu izinin koyarwa a Ingila, ya yi kuskuren lissafi. In ya samu aiki a makarantar gwamnati a can, a kan ma'aunin albashin malamin da bai ƙware ba za a ɗora shi, wanda ya yi ƙasa sosai. Mai son izinin daga gida, iQTS ce tasa, wato QTS ta ƙasa da ƙasa. An fara gwajinta a 2022 da cibiyoyi shida, cikinsu har da jami'o'in Warwick da Sunderland da Derby. Ana yin ta a makarantar da mutum yake aiki, da jagora a wurin da malaman jami'a ta intanet, kuma wanda ya gama yana samun QTS. Ita ma ana samun ta ita kaɗai ko haɗe da PGCE, wato tambayar nan dai ta biyo ka har gida, amsar kuma ba ta canja ba. Hasali ma ta fi ƙarfi, tunda kai a wajen Ingila kake aiki tun farko.

Wa QTS kaɗai ta dace da shi? Na farko, wanda ya riga ya mallaki takardar ilimi ta jami'a. Malamin da ya yi B.Ed a Bayero ko PGDE a Zariya ko a Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna yana da tiranskirif ɗin da ake tambaya, izinin kawai ya rasa. Ya sake biyan kuɗi ya rubuta maƙala a kan Vygotsky karo na biyu, ɓarnar lokaci ce. Na biyu, wanda ya kafu a Ingila, yaransa suna makaranta a can, ya daɗe yana aikin mataimakin malami, makarantar ta ce za ta biya shi albashi ta horar da shi. Wannan ya karɓa hannu bibbiyu. Barin albashi don takardar da ba lallai ya buƙace ta ba, ba dabara ba ce. In daga baya ra'ayinsa ya canja, akwai jami'o'in da ke bayar da PGCE ta intanet ga masu QTS, a yi ta a hankali bayan an saba da aji. Ta fi tsada a jimla, kuma wasu hukumomin waje sun fi son horon da aka yi a dunƙule, amma ƙofar ba a rufe take ba.

Akwai ma waɗanda ba sa buƙatar shiga kwas ɗin gaba ɗaya, kuma abin takaici wasu ba su sani ba sai sun kashe kuɗi. Tun 1 ga Fabrairu 2023, malaman da suka samu horo a Najeriya da Gana da wasu ƙasashe ƙalilan suna iya neman QTS kai tsaye, in dai suna koyar da lissafi ko kimiyya ko harsuna ga yara 'yan shekara 11 zuwa 16, suna da digiri da gogewar aiki, kuma hukumar malamai ta ƙasarsu, TRCN ga 'yan Najeriya, ta aika da wasiƙar shaidar cewa rajistarsu na nan daram. QTS ɗin ba aiki ba ce kuma ba biza ba ce, sai mutum ya nemi makarantar da za ta ɗauki nauyinsa. Sannan akwai hanyar tantancewa kawai, ga wanda ya yi aƙalla shekara biyu yana koyarwa a makarantu biyu: a zo a kalli aikinsa, a duba hujjojinsa, cikin mako 12 a gama. Wannan hanyar QTS tsura take bayarwa, babu PGCE a cikinta.

Wanda kuwa yake da digirin fiziks ko Turanci ko tarihi kawai, bai taɓa karatun ilimi ba, shekarunsa ba su ja ba, kuma bai san ko nan da shekara goma yana Manchesta ko Doha ko Katsina ba, ya ɗaure ya haɗa biyun a shekara ɗaya. Ana buɗe neman gurbi a watan Oktoba, ana iya neman kwas huɗu a lokaci guda. Kafin ya tura, ya rubuta wa cibiyar ya tambaye ta a rubuce: wace jami'a ce ke bayar da PGCE ɗin, a matakin mastas take ko a na digirin farko, kiredit nawa ce, a waɗanne watanni ake miƙa maƙalolin, kuma in abin ya yi masa yawa a tsakiyar shekara, za a bar shi ya ajiye PGCE ya ƙarasa da QTS kaɗai? Cibiyoyi da yawa suna yarda da wannan na ƙarshen, amma ba kowace ke mayar da kuɗi ba.